Wankan Idon Baba

Daren Alhamis, bayan isha'i,
in Tudun Jukun ta lafa, sai gurnanin janareton maƙwabta,
nakan shimfiɗa farin tawul a kan tebur,
don abin da zan riƙa ba ya shiri da siminti.

Sai in wanke hannu,
ba wankin mai saurin kai wa tuwo loma ba.
Tsakanin yatsu, bayan tafi, ƙarƙashin farce,
inda baƙin man garejin Kwangila yake maƙalewa
kamar ɗan haya mai taurin bashi.

Baba Jatau yana bakin gado, ya cire hula.
Shekara talatin yana walda a Sabon Gari,
rabin ƙofofin layin nan shi ya ɗinke su da wuta.
Rana ɗaya tak ya bar tabarau a aljihu,
ɗan ɓarɓashin ƙarfe da bai kai ƙwayar gero ba
ya karɓi na hagu, ya bar masa na dama.

A Shika aka auna gurbin, aka zana masa wani,
har da siraran jajayen jijiyoyi.
Ya dubi madubi, ya ce,
"Ai wannan ya fi ɗan'uwansa kyau."

Da, shi yake yi da kansa:
ya tofa yawu, ya murza da bakin riga,
yadda yake wa gilashin agogonsa.
Har safiyar da fatar ta kumbura ta yi jawur,
kwantsa ta koma ruwan ɗorawa, ta liƙe gashin ido,
bai fita asuba ba.

Sista Rifkatu ba ta ɗaga murya ba.
Ta ce, "Malam, abokan gabarka ba su da inuwa.
Dubu za su kwana a ɗan ƙarzon da ba ka gani,
kafin gari ya waye sun hayayyafa.
Ban da yawu. Ban da sifirit, cin robar yake yi.
Ban da ruwan rijiya, sai ya tafasa ya huce.
Sabulu mara ƙamshi, da haƙuri."
Ta juyo gare ni, ta dubi hannun Baba yana rawa,
ba ta ƙara komai ba. Na gane.

To ga shi a tafina yanzu.
Ba dunƙulalle ba ne yadda mutane ke zato,
ɗan ƙoƙo ne, kamar ɓawon kwakwar manja,
da ɗumin jikin mahaifina a bayansa.
Ina murzawa a hankali, kumfa na rufe baƙin,
in ɗauraye, in sake ɗaurayewa,
in ɗaga shi kusa da fitila ina neman tsaga.

Lantana ta leƙo ta bayan labule,
shekararta biyar, ba ta san kunyar tambaya ba.
"Abba, yana ganina?"
Baba ya yi dariya, rabin fuskarsa a rufe:
"Wanda ya ɗauke mini ƙuli jiya, shi yake nema."
Ta ruga, takalmi ɗaya ya rage a ƙofa.

Na goge fatar da auduga da ruwan gishiri,
daga gefen hanci zuwa waje, sau ɗaya, in yar.
Wannan hannun ne ya taɓa hure mini ƙasa a ido
a filin ƙwallon bakin Kubanni.
Yau shi yake riƙe da gwiwata don kada ya girgiza.

Na ɗaga fatar sama, na zura, na ja ta ƙasa.
Ya zauna a mazauninsa.
Baba ya ƙifta, ya ƙifta, ya ce, "Da sanyi."

Sai ɗigo ɗaya ya gangaro ta hagu,
ta gefen da bai ga komai ba shekara goma sha ɗaya.
Ya ce ruwan ɗauraya ne.
Na naɗe tawul, na zubar da ruwan kofi,
ban yi masa musu ba.